Takardar Koke daga Mazauna Unguwar Sarki kan Kason Ƙaramar Hukuma a Kasafin Jihar Kaduna

Zuwa ga Mai Girma Kakakin Majalisar Dokokin Jihar Kaduna,
Zauren Lugard, Kaduna.

Ta hannun ɗan majalisa mai wakiltar mazaɓarmu.



Ranka ya daɗe, masu wannan takarda mazauna Unguwar Sarki ne a Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa. A cikinmu akwai magidanta da matan aure, akwai 'yan tireda da masu shayi, akwai malaman makaranta, 'yan fansho da samari masu tuƙa Keke. Babu jam'iyyar da ta aiko mu. Wasunmu sun zaɓi gwamnati mai ci, wasu ba su zaɓe ta ba, amma kwata ɗaya ce ke bi ta ƙofar gidajenmu baki ɗaya. Mun kawo kukanmu gabanka ne saboda a zaurenku ake tantance kasafin kuɗin jiha, kuma mun lura abin da ƙaramar hukumarmu za ta iya yi mana a shekara, a cikin wannan kasafin ake yanke shi tun kafin kansilolinmu su zauna.

Duk wanda ya ji an ce Unguwar Sarki, abin da ke faɗo masa a rai shi ne Masallacin Sultan Bello, da titin Sultan, da titin Ali Akilu, da gidaje masu dogayen katangu. Haka ne, duk suna nan. Ranar Juma'a manyan gari na zuwa salla a cikinmu, da azumi kuma unguwar kan cika da masu sauraron tafsiri. Amma da wani daga cikinsu zai bar motarsa inda ya faka ta, ya ratsa lungunan da ke bayan manyan titunan da ƙafa, da ya ga wata Unguwar Sarkin dabam. Idan damina ta kankama a watan Agusta, kwatoci kan cika da leda da yashi, ruwa ya tsallako ya shiga zauruka. Sai dattawa su yi shela bayan sallar asuba, a yi karo-karo, samari su fito aikin gayya da shebur da baro. Su yashe kwatar tas, su jibge baƙin taɓon a gefen hanya, domin babu motar da za ta kwashe. Taɓon zai kwana biyu yana wari, yara na tsallake shi za su makaranta, ruwan sama na gaba ya wanke shi ya mayar da shi cikin kwatar da aka fito da shi. Mun kai wannan ƙorafi inda ya kamata. An karɓe mu da mutunci, an ba mu kujera, sannan aka ba mu amsar da kowa a cikinmu ya riga ya haddace: babu kuɗi, albashi ya cinye, sauran kuma sai an sako daga sama.

Wannan "sama" ɗin muka zo tambaya a kai.

Tsarin mulkin 1999 bai bar batun a duhu ba. Jadawalinsa na huɗu ya jera ayyukan ƙaramar hukuma: gyaran hanyoyin cikin unguwa da magudanun ruwa, fitilun titi, kwashe shara, kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu, rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Wato duk abin da talaka ke cin karo da shi tsakanin ƙofar gidansa da bakin titi. An kuma tanadar mata kuɗin yin su. A rabon arzikin ƙasa, Gwamnatin Tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma kashi 20.60. A harajin VAT suna da kashi 35. Bayan wannan, sashe na 162 ya wajabta wa kowace jiha ta ba ƙananan hukumominta wani kaso daga kuɗin shigarta, dokar tarayya kuma ta ƙayyade shi a kan kashi 10 na harajin da jihar ta tara a cikin gida. Sai dai sashen nan ne kuma ya ƙirƙiri asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda ma'aikata ke kira "joyin akawun", ya ce ta nan kuɗin za su bi. Shekaru ashirin da biyar kuɗin Kaduna ta Arewa na tasowa daga Abuja da sunanta, su yada zango a wannan asusu, a cire abin da za a cire, sannan ragowar ta isa sakatariyar ƙaramar hukuma a Magajin Gari.

Abin da ake cirewa ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa aikin ƙaramar hukuma, kuma akwai irinsu da yawa a cikinmu. Albashin malaman firamare, wanda ke bi ta hannun hukumar ilimin firamare ta jiha, SUBEB, shi ne kaso mafi tsoka. Sai na ma'aikatan lafiya a matakin farko, sai fansho, sai kason masarautu, sai kuɗin horar da ma'aikata, sai ayyukan da ake kira na haɗin gwiwa. Ba mu ƙi a biya malami ba. 'Ya'yanmu yake koyarwa, wasunmu ma malaman ne. Abin da ke damunmu shi ne yawan malaman da za a ɗauka, da matakin albashinsu, da aikin da za a kira na haɗin gwiwa, duk a matakin jiha ake yanke su, lissafin kuma ya faɗo a kan ƙaramar hukuma. Da Gwamna Uba Sani ya amince da mafi ƙarancin albashi na naira 72,000 a 2024, mun yi murna, don ma'aikaci ya sha wuya tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Amma duk ƙarin da ya shafi malamin firamare da ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi, daga kason ƙaramar hukuma zai fito. Idan kasafin jiha bai tanadi abin da zai cike wannan giɓi ba, to kuɗin kwata da na shara ne za su tafi, mu ne kuma za mu gani a ƙofar gida.

Haka batun haraji. Tun da aka yi dokar haɗe haraji ta 2016, hukumar KADIRS ce ke tattara kuɗin shiga, aka kuma hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu. Wannan ya yi amfani, ba za mu ƙi faɗa ba. Ya rage 'yan rasit ɗin bogi da ke tare masu talla, kuɗin shigar jihar kuma ya ninka har ya haura naira biliyan 62 a 2023. Kashi 10 na wannan ya zarce naira biliyan 6, wanda doka ta ce na ƙananan hukumomi 23 ne. Ranka ya daɗe, wani babban ɓangare na harajin nan daga tsakiyar birni yake fitowa, daga shagunan titin Ahmadu Bello, da ofisoshi da bankuna da otal-otal da ke cikin Kaduna ta Arewa, da ɗan abin da mai tireda da mai wankin mota ke biya a unguwanni irin tamu. Mai shayin da ya biya kuɗin wurin zamansa yana da haƙƙin ya san nawa ne daga ciki ya dawo mazaɓarsa. A yau ko kansila ka tare da wannan tambaya, sai ya yi murmushi ya ce zai bincika.

Muna tuna wa majalisa cewa mutanen jihar nan sun sha ɗaukar sadaukarwa da sunan ceto ƙananan hukumomi. A 2017 aka rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77, aka sauke dubban dagatai, hujjar da aka bayar kuwa ita ce albashinsu ya yi wa ƙananan hukumomi nauyi. A shekarar ce aka yi wa malaman firamare jarrabawa, aka sallami 21,780 daga cikinsu. A 2021 aka rage dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi, abin da ya jawo yajin aikin ƙungiyar ƙwadago a watan Mayu, har garin nan ya kwana a duhu. Kowanne daga cikin matakan nan yana da masu goyon baya da masu suka, a cikinmu ma ba baki ɗaya muke a kansu ba, kuma ba su muka zo tayarwa ba. Abin da muka haɗu a kai shi ne alkawarin da ya biyo bayan kowannensu, cewa za a samu rarar da za a yi wa jama'a aiki. Maƙwabtanmu ne suka rasa aikin, mu muka yi ta kai musu ɗauki. Ya kamata a ce an nuna mana rarar a rubuce, shekara bayan shekara, da aikin da aka yi da ita a kowace mazaɓa.

Mun san jihar na cikin matsi. A ƙarshen watan Maris na 2024 Gwamna da kansa ya faɗa a bainar jama'a cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85, da kwangiloli 115 da ba a gama biya ba. Ya ce a wannan watan an zare naira biliyan 7 daga cikin biliyan 10 na kason jihar don biyan bashi, abin da ya rage kuma bai kai albashin wata ɗaya ba. Mafi yawan bashin na dala ne, dalar kuma da ake saye ƙasa da naira 500 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Mun ji wannan bayani, mun kuma yaba da fitowa fili da aka yi. Shi ne ma ya ƙara mana damuwa. Wanda bashi ya shaƙe, idan ajiyar wani na hannunsa, sai an yi da gaske kafin ya kau da ido daga kanta. Ba mu zargi kowa da taɓa ko sisi ba. Muna cewa ne tsarin da ya ɗora wa gwamnati mai fama da bashi riƙon kuɗin ƙananan hukumomi, ba tare da jama'a na ganin shiga da fitarsu ba, bai yi wa kowa adalci ba, har ita gwamnatin, domin ko ta riƙe amana babu mai shaidarta.

Da bashin aka yi manyan ayyuka, kuma muna hawa kansu kullum. Gadar Kawo ta sauƙaƙa wa mai zuwa Zariya da Kano, hanyar ƙarƙashin ƙasa ta Leventis ta rage cunkoso, Dandalin Murtala ya canja kama. Sai dai an gyara babban titi an ɗaga shi, an yi masa faffaɗar magudana, ƙaramar kwatar lungu da ya kamata ta haɗu da ita kuma tana nan yadda take tun zamanin iyayenmu. Babban titi na jiha ne, yana da layinsa a kasafi. Lungu na ƙaramar hukuma ne, ita kuma an ce albashi ya cinye. Kasafin jihar ya tashi daga naira biliyan 458 a 2024 zuwa biliyan 790 a 2025, kusan kashi 70 na manyan ayyuka ne. Wannan abin alfahari ne a takarda. Mu dai a lungu, abin da muka sani shi ne har yanzu 'yan baro muke biya su kwashe mana shara, 'yan ga-ruwa muke jira da kurarsu, kuma matar da naƙuda ta kama da dare sai mijinta ya fara biyawa ta kemis ya sayi safar hannu da auduga kafin a karɓe ta.

Akwai kuma rikicewar da ta shafe mu mu 'yan cikin birni musamman. Da aka kafa hukumar kula da babban birnin jiha a 2021, tare da takwarorinta na Zariya da Kafanchan, ayyuka irin su shara da kasuwa da tasha suka shiga tsakanin hukumomi. Talaka bai damu da sunan da ke jikin motar kwasar shara ba, in dai ta zo. Amma in ba ta zo ba, dole ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Mun sha zuwa nan a ce mu je can, mu je can a ce ai aikin na nan ne. Duk lokacin da jiha ta karɓi wani aiki daga ƙaramar hukuma, ko ta mayar mata da shi, ya kamata a faɗa wa jama'a ko kuɗin aikin ya bi shi.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar da jihohi 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta hukuncin. Kotun ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓu. A majalisun shayi na unguwarmu an yi ta murna, wasu har suna cewa daga wata mai zuwa za a fara ganin tifa a lungu. Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Sakatarenta George Akume don aiwatarwa, watanni kuma suka shuɗe ana kai-kawo kan buɗe asusu a Babban Bankin Najeriya. A nan Kaduna an yi zaɓen ƙananan hukumomi ranar 19 ga Oktoba, 2024, jam'iyya mai mulki ta lashe kujerun shugabanni 23 da na kansiloli 255 gaba ɗaya. To, muna da zaɓaɓɓun shugabanni, sharaɗin kotu ya cika.

Amma mu ba mu ɗauka cewa hukuncin kaɗai zai yashe mana kwata ba, shi ya sa ma ba Abuja muka rubuta wa ba. Ko da kuɗin sun faɗa asusun Kaduna ta Arewa kai tsaye, dokokin jiha ne za su ce a mayar da kaza don malamai, kaza don masarauta, kaza don aikin haɗin gwiwa. Kashi 10 na harajin cikin gida kuwa ba ya ratsa Abuja ko kaɗan, daga baitulmalin jiha yake fitowa. Sashe na 7 na tsarin mulki ya ɗora wa wannan majalisa alhakin tanadar wa ƙananan hukumomi kasonsu, sashe na 128 ya ba ta ikon bincike, rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na ƙananan hukumomi kuma gabanku ake kawo shi. Ba ma kuma so a fahimce mu kamar muna cewa shugabannin ƙananan hukumomi waliyyai ne. Dalilin da ya sa hukumar NFIU mai sa ido kan hada-hadar kuɗi ta taƙaita cire tsabar kuɗi daga asusunsu zuwa naira 500,000 a rana a 2019 sananne ne. Sakin kuɗi ba tare da sa ido ba zai canja wurin ɓarnar ne kawai, ya dawo da ita kusa da gida.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Babban roƙonmu shi ne kason kashi 10 ya fito a kasafin jiha da layinsa na kansa, da adadinsa, da yadda aka raba shi tsakanin ƙananan hukumomi 23, sannan rahoton aiwatar da kasafi na kowane wata uku ya nuna abin da aka saki a zahiri. Tare da shi muna roƙon majalisa ta yi dokar da za ta tilasta a liƙa takarda kowane wata a sakatariyar ƙaramar hukuma da ofishin kowace mazaɓa, da Hausa da Turanci, mai nuna abin da ya shigo daga Abuja, abin da ya shigo daga jiha, abin da aka cire da dalilinsa, da abin da ya rage. Takarda ɗaya ta isa. A karanta ta a gidan rediyon jiha don waɗanda ba sa karatun boko, kada a ce an sa a intanet a wuce wurin. Jihar Kaduna ta shiga ƙawancen gwamnatoci masu aiki a buɗe tun 2018, an kuma sha kiranmu taron sauraron ra'ayi kan kasafi. Mun je, mun rubuta buƙatunmu, an karɓa. Abin da ya rage shi ne a dawo mana da amsa: wanne aka sa, wanne aka bari, don me.

Muna roƙon kada a ƙara ɗora wa ƙananan hukumomi wani sabon nauyi, na albashi ko na aikin haɗin gwiwa, sai majalisar kansiloli ta zauna ta amince a rubuce, kasafin jiha kuma ya nuna nasa kason a ciki. Muna roƙon a ware wani kaso na abin da ya rage wa ƙaramar hukuma wanda ba za a taɓa shi don albashi ko alawus ba, a raba shi mazaɓa-mazaɓa don kwata, shara, rijiyar burtsatse, katangar maƙabarta da kujerun 'yan makaranta. Ku kuka san adadin da zai yiwu, mu dai a sa shi a doka yadda ba zai dogara da halin wanda ke kan kujera ba.

Akwai kuma maganar rabo. Kaduna ta Arewa ƙarama ce a faɗin ƙasa, amma kullum da safe jama'a na kwararowa cikinta daga Igabi da Chikun da Kaduna ta Kudu don aiki da kasuwa, su yini, su bar sharar yininsu su koma. Ba mu nemi a rage wa Birnin Gwari ko Sanga ko Kubau ko kwabo ba, mun san halin da suke ciki, wasunmu ma can ne asalinsu. Muna roƙon dai idan za a raba kason jiha a dubi wannan nauyi na yini da birni ke ɗauka.

Daga ƙarshe muna gayyatar kwamitin majalisa mai kula da ƙananan hukumomi ya zo ya gani da idonsa. Daga Zauren Lugard zuwa unguwarmu tafiyar 'yan mintuna ce a mota. Muna so a zo cikin damina, washegarin ruwan sama, kuma kada a sanar da kowa a sakatariya don kada a share hanya kafin ku iso. Masu unguwanni da limamanmu sun san da wannan takarda, za su kuma ba da waɗanda za su zaga da ku. Idan majalisa ta kira zaman sauraron jama'a kafin ta amince da kasafin baɗi, a shirye muke mu turo wakilai maza da mata, da hotunan wuraren da muka ambata da rasit ɗin harajin da muke biya.

Mun aika kwafin wannan takarda zuwa fadar gwamnati, Gidan Sir Kashim Ibrahim, da Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi, da ofishin Shugaban Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, da kansilan mazaɓarmu. Sunaye da sa hannun masu koke, tare da dangwalen waɗanda ba sa rubutu, suna cikin takardun da muka haɗa.

Allah ya taimake ka, ya yi maka jagora a wannan aiki.

Wassalam.

Mu ne naku,
Mazauna Unguwar Sarki,
Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, Jihar Kaduna.